Fedar Mijin Yaya Ta Kama Tasha

Wallahi na san ba za ku yarda ba. Ko na jero muku shaidu, cewa za ku yi da shayi na saye su. To ku ƙi yarda ɗin, ni dai sai na faɗa, don abin da Na-Iya ya yi wa fedar mijin yayarsa ya fi ƙarfin mutum ya haɗiye shi shi kaɗai.

Na-Iya ba sunansa na gaskiya ba ne, bakinsa ne ya jawo masa. Ka ce agogonka ya tsaya, ya ce, "Na iya." Ka ce haƙori ke damunka, kafin ka rufe baki ya ce, "Na iya," sai daga baya ya tambayi me aka ce. Ya taɓa shiga makarantar koyon sana'a, sashen lantarki, amma ya fito tun ana darasin kwancewa, ba a kai ga na mayarwa ba. A faɗarsa malaman ne suka roƙe shi ya tafi, wai tambayoyinsa suna kunyata su a gaban ɗalibai. A ɗakin bakin ƙofa na gidan yayarsa yake zaune, kuma tun ranar da ya gyara fankar falo, sama take hura iska, silin ne kaɗai ke shan sanyi a gidan.

Mijin yayar tasa makaɗi ne, kowa Mai Jita yake ce masa. Duk cikin kayan kiɗansa babu abin da yake ji da shi kamar feda. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne ja, bai wuce tafin hannu ba. Kebul ɗaya ya shigo masa daga jita, ɗaya ya fita zuwa lasifika, ga maɓallan murɗawa a sama, ga makunnin da ake takawa da ƙafa. In Mai Jita ya taka shi, sai jitar ta bar magana ta koma kuka, irin kukan da ke sa ƙato ya tuna da wadda ta ƙi shi. Wannan kukan ne manajan wani otal ya ji a wurin wani taro, ya ce su zo gwaji a lambun otal ɗin da yamma. In baƙi sun yaba, sun samu wurin kiɗa na kowane ƙarshen mako. Mai Jita ya daɗe yana neman irin wannan dama kamar ruwa a jallo.

Ranar gwajin da safe ya haɗa kaya a tsakar gida don ya ɗan motsa yatsu. Ya kaɗa, sauti ya fito, ya yi ƙurrr, ya ɗauke ɗif. Ya sake kaɗawa, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Mai Jita ya dafe kai.

"Fedar nan ce. Yau ta ga damar yi mini haka? Ga shi zan je in ɗauko mai ganga da sauran kaya. Wa zai kai mini ita wurin mai gyara?"

"Na iya," in ji wata murya daga ɗakin bakin ƙofa.

"Kaiwa na ce, ba gyara ba."

"Kaiwar ma na iya."

Yaya ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta nuna ƙanin nata da shi. "Auta, ka dubi girman Allah. Ka miƙa masa, ka zauna, ka karɓo. Ko hura mata iska kada ka yi."

"Haba Yaya, sai ka ce wani yaro. In na taɓa ta, ki canza mini suna."

Ya sa feda a leda ya fita yana fito. Kafin ya kai kwanar layi, shawara ta riga ta nuna a kansa. Me mai gyara ya sani wanda shi bai sani ba? In ya gyara ta da hannunsa, yamma na yi jita ta yi kuka a otal, sai ya miƙe a gaban jama'a ya ce aikinsa ne. Daga nan makaɗa su fara layi a ƙofar gida. Ya buɗe shago mai gilashi. Har ya hango allon shagon, da hotonsa riƙe da sukundireba yana kallon nesa.

A kwanar akwai rumfa ɗaya da tela da mai aski suke rabawa. Tela dattijo ne mai tabarau a kan hanci da harshe kamar reza. Mai aski kuwa irin mutanen nan ne da in sun ga za ka faɗa rami, sai su matsar maka da dutse daga hanya don ka isa da wuri.

"Baba tela, a ɗan matsa mini gefen tebur, aikin gaggawa ne daga otal."

"Otal ɗin ne ya rasa wanda zai ba aiki sai kai? Gobara suke so?"

"Bar shi, Baba," in ji mai aski, yana jawo kujera. "Injiniya, bismilla. Yau ma ga ilimi."

Sukundireba dai babu, sai a hoton allon shago. Na-Iya ya ari almakashin tela ya kwance sukurorin gindin feda da tsininsa, ya jera su a kan wani yadi. Ya ɗaga murfi, ya leƙa ciki, ya ga 'yan ƙananan abubuwa masu launi-launi a jere kamar gari daga sama. Ya shinshina. Ya kara a kunne ya girgiza. Ya ƙwanƙwasa da farce ya gyaɗa kai.

"Abin da na zata ne. Hanyar sauti ce ta toshe."

"Ina hanyar take?" in ji tela.

"Baba, in na ce zan yi maka bayani, sai mu kai gobe. Kai dai ka riƙe zarenka."

Tela ya ce to, ya ja yadinsa ya kakkaɓe don ya ci gaba da aiki. Sukurori suka yi tsalle, suka yi ƙyal-ƙyal a iska, suka faɗa kwata ɗaya bayan ɗaya.

Na-Iya ya bi su da kallo, ya ce, "Dama sun tsufa."

Ya karɓi kwalbar sifirit ɗin da mai aski ke goge wa mutane ƙeya, ya tuttula wa feda har tana ɗiga. Sannan ya karɓi na'urar busar da gashi ya sakar mata zafi. Wani ƙauri ya tashi. Wata waya rawaya ta lanƙwashe, rigarta ta narke, ta saki wurin da take riƙe.

"Kun gani? Ga mai laifin ta miƙa wuya da kanta."

"Kai, Injiniya!" in ji mai aski. "Wallahi malaman nan sun yi asara."

Sai maganar liƙewa. Ƙarfen narka dalma babu, amma akwai dutsen guga na gawayi da tela ke aiki da shi. Na-Iya ya samo ƙusa, ya cusa a garwashin har ta yi ja, ya kamo ta da filaya ya nufi wayar rawaya. Ya taɓa ta sau ɗaya, ta ƙone ta koma rabi. Ya sake taɓawa, rabin ya koma toka. Zafi ya biyo filaya ya lashe masa yatsa, ya yi ihu ya yar da ƙusar, ita kuma ta zaɓi wurin sauka a kan farar rigar wani kwastoma da tela ya gama gogewa yanzun nan. Hayaƙi ya tashi siriri. Da aka ɗaga rigar, ana hango titi ta ƙirjinta.

"Innalillahi!" Tela ya cire tabarau ya mayar. "Ɗan nan, ka kashe ni! Anjima mai ita zai zo!"

"Baba, kwantar da hankalinka. Ka ɗora aljihu a wurin."

"Aljihu a tsakiyar ƙirji? Uban wa ka taɓa gani da shi?"

"To ai kai za ka fara. Haka ake fito da sabon yayi."

Da ƙyar mai aski ya raba tela da wuyan Na-Iya. Don a samu a gama, ya shiga shago ya fito da wata tsohuwar rediyo da ta mutu tun tuni, ya ce a ciri waya a ciki. Na-Iya ya farke ta, ya zaro wata siririyar wayar jan ƙarfe da ke nannaɗe a jikin wani baƙin sanda. Ya yi ta warwarewa, waya ta ƙi ƙarewa, har ta kai tsawon rumfar ta dawo.

"A yanke daidai wurin mana," in ji mai aski.

"Ka ji jahilci. In waya ta yi tsawo, sauti ya fi samun wurin miƙe ƙafa." Ya murɗe bakinta ɗaya a nan, ɗaya a can, ya dunƙule sauran zai cusa ciki. A garin cusawa wata baƙar waya ita ma ta fita daga mazauninta, batir ya zazzago, maɓalli ɗaya ya gangara ƙarƙashin keken ɗinki.

Daidai nan wayar salular Na-Iya ta yi ƙara. Mai Jita ne.

"Kana wurin mai gyaran?"

"Ga ni a gabansa."

"Gaban wa?" in ji tela da ƙarfi. Na-Iya ya toshe wayar da tafin hannu.

"Alhamdu lillahi," in ji Mai Jita. "Ce masa kada ya taɓa ta. Mun haɗa jita kai tsaye da lasifika ba feda, sai ga shi tana ɗaukewa kamar ɗazu. Ashe kebul ne ya karye ta ciki, na sayi sabo. Fedar lafiyarta ƙalau. Kawo mini ita otal yadda take."

Na-Iya ya sauke waya a hankali. Ya dubi tebur. Murfi a gabas, batir a yamma, hanjin feda a waje, ƙaurin sifirit ya cika rumfa.

"Me ya ce?" in ji mai aski.

"Wai a kai ta yadda take."

Tela, da rigar mutane a hannunsa, ya fashe da dariya har tabarau ya faɗo. "To ɗauki faranti ka kwashe, ka kai masa yadda take!"

Ido ya raina fata, amma bakin Na-Iya bai mutu ba. Ya rarrafa ya ɗauko maɓalli, ya mayar da batir, ya tura duk abin da ya turu. Baƙar wayar nan ce kawai ya rasa inda ta fito. Ya riƙe feda a hannu, murfi a buɗe, ya ce a gwada. Mai aski ya kawo kebul, aka haɗa wayar salularsa da feda, feda da lasifikar shago. Ba tare da ya lura ba, babban yatsan Na-Iya ya danne bakin baƙar wayar a jikin ƙarfen akwatin. Aka saki kiɗa, ya fito tas. Ya danna makunni da ɗaya hannun, kiɗan ya koma kuka.

Na-Iya da kansa sai da ya firgita. Sannan ya tuna ko shi wane ne.

"Wa ya ce ban iya ba? Baba tela, maimaita abin da ka ce ɗazu, jama'a su ji!"

"Baƙar wayar fa?" in ji tela.

"Wannan ƙari ce. Kamfani ke sa ta don tsorata marasa ilimi." Ya lanƙwasa ta ya tura can ciki, ya rufe murfi, ya ɗaure akwatin da robar wando da wani ƙyalle mai furanni daga kwandon tela.

Tela ya rufe shago ya bi shi da rigar a kafaɗa, ya ce sai ya ga babba a gidansu. Mai aski ma ya rufe, ya ce shi bai taɓa barin kallo a tsakiya ba.

Kafin su isa yamma ta yi, suka tarar lambun otal ya cika. Tebura da fararen mayafai, baƙi suna cin abinci, ma'aikata na kai da kawo da tire. Yaya na zaune a gaba ta sha kwalliya. Mai Jita na kan dandamali, jita a wuya, yana ta duban ƙofa. Na-Iya ya haye da gudu, ya durƙusa ya haɗa feda da kansa.

"Wannan ƙyallen fa?" in ji Mai Jita.

"Maganin ƙura ne. Yanzu haka manyan makaɗa ke yi."

Ba lokacin musu, mai ganga ya riga ya ɗaga sanduna. Na-Iya ya sauko, ya gyara wuyan riga, ya nufi wani mai kwat da ke tsaye ya harɗe hannu.

"Ranka ya daɗe, kai ne manaja? Ni ne injiniyan ƙungiyar. Kukan nan da ka ji har ka kira su, to na yau ya ninka shi. Da safen nan na kwance na'urar gaba ɗaya na sake gina ta. Duk abin da ka ji ya fito daga lasifikar nan, hannun nan ne."

"Madalla," in ji manaja. "Zan riƙe wannan."

Waƙa ta fara lafiya lau, don ba a taka feda ba tukuna. Baƙi suna gyaɗa kai. Aka zo inda ganga ke lafawa, jita ta karɓa ita kaɗai. Mai Jita ya lumshe ido, ya ɗaga ƙafa, ya taka.

Wata murya mai natsuwa ta cika lambun: "...saboda haka, mai sauraro, in ka fito daga bayi ka ji ƙaiƙayi ko raɗaɗi, kada ka ji kunya, basir ne."

Cokula suka tsaya a iska. Mai Jita ya buɗe ido, ya sake takawa, muryar ta ɗauke. Ya dubi mai ganga, mai ganga ya dubi sama. Ya share gumi, ya ce a ransa ko daga wani gida ne, ya sake takawa.

"...sai likita ya duba ya ga ko mai tsiro ne ko marar tsiro."

Wata mata ta ture farantinta. Mai Jita ya sunkuya da sauri ya murɗa maɓalli ko abin zai tafi. Lasifika ta yi shuuu, ta yi ƙiii, sai ga wani yana ihu kamar ana yanka shi: "Ya yanke na farko! Ya yanke na biyu! Ya shiga da'ira! An kayar da shi! Alƙali ya nuna..."

Mai Jita ya take feda, tsit.

"Kai, mai kiɗa!" Wani ƙato ya miƙe daga teburin baya. "Maido mana! Fanareti ne!"

"A maido! A maido!" in ji 'yan teburin, har da wani ma'aikaci da ya ajiye tire a ƙasa. Mai ganga ya kifa kai a kan gangarsa, kafaɗunsa na rawa. Mai aski ya riƙe ciki ya zauna a kan ciyawa.

Manaja bai yi dariya ba. Ya ɗaga murya: "Ina injiniyan?"

Injiniya a lokacin yana bayan shukokin furanni, yana tafiya a duƙe wajen ƙofa. Sai ya ji an cafki bayan rigarsa. Tela ne. Kafin ya yi magana, Yaya ta iso ta kama kunnensa, ta ja shi har gaban dandamali kamar akuyar da ta ci shanya.

"Auta, me na ce maka da safe?"

"Yaya, ai ban hura mata iska da baki ba."

"Da na'urar busar da gashi ya hura," in ji mai aski daga ƙasa. "Ni shaida ne."

Mai Jita ya tsinke robar wando, ya ɗaga murfi. Wayar jan ƙarfe ta zubo, ta yi ta zubowa har ta taru a kan takalminsa. Ya juyo wajen Na-Iya. Da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa ta fito.

"Shekara nawa kana cin abincina?"

"Yallaɓai, ci gaba ne fa aka samu. Da kiɗa kawai take yi, yanzu har labarai..."

"Malam," manaja ya katse shi, yana duban Mai Jita, "ni kukan jitar nan na kira ku ku yi. Waƙa ɗaya ta rage muku. In babu shi, ku kwashe kayanku, ku bar mini rediyon, na ga tana da masoya."

Fuskar Mai Jita ta canza. Yaya ta ƙara murɗa kunnen da ke hannunta.

"Wallahi ɗazu ta yi!" in ji Na-Iya. "Ku tambayi Baba tela! Haka na riƙe ta, kun ga, haka..." Ya fizgi feda ya danna makunni, ana tsakiyar ihun ƙwallo, babban yatsansa ya sauka a kan baƙar wayar ya manne ta da ƙarfe. Ihu ya ɗauke. Mai Jita ya taɓa tsirkiya ɗaya, jita ta saki wani kuka mai daɗi har tsigar jiki na tashi.

Na-Iya ya ɗaga yatsa don ya nuna wa jama'a. "Kun ji ko? Na ce muku..."

"...ya buga! Gola ya kama!"

Ya mayar da yatsa. Tsit. Ya ɗaga. Ihu. Ya mayar. Tsit.

Kowa ya zuba wa yatsan ido. Sannan Mai Jita ya yi murmushi, irin wanda Na-Iya bai taɓa gani a fuskarsa ba, bai kuma so shi ba.

"Ajiye ta a ƙasa. Kada ka ɗaga yatsan."

"To ai in na ajiye, sai na..."

"Kwanta."

"A gaban mutane? Yallaɓai, ni fa injiniya ne."

"Kwanta, Auta," in ji Yaya, "ko in kwantar da kai."

Haka Na-Iya ya yi rub da ciki a kan dandamali, da rigarsa ta fita unguwa, hannu biyu tallafe da feda, hanci dab da takalmin mijin yayarsa. Ganga ta tashi. Mai Jita ya taka, takun ya haɗa da 'yan yatsu, Na-Iya ya yi ƙara, jita ta yi kuka, ba a san wanda ya fi wani ba. Kuma ranar, ko don me, Mai Jita ya ga waƙar na bukatar taku fiye da kullum. Sau ɗaya ƙuda ya sauka a hancin Na-Iya, ya saki waya zai kore shi, mai sharhin ƙwallo ya leƙo da rabin kalma, takalmi ya sauko, yatsa ya koma wurin aikinsa da gudu.

Aka gama, lambu ya ɗauki tafi, har matar da ta ture faranti ta jawo abinta. Manaja ya hau dandamali ya miƙa wa Mai Jita hannu.

"Kun samu wuri. Amma gobe akwai babban taro tun rana, waƙa za ku yi ta yi har baƙi su watse. Ku zo da kayanku cif yadda suke yau."

"Kafin goben ai mai gyara ya duba ta," in ji Na-Iya daga ƙasa.

"Gobe ba ya buɗe shago," in ji Mai Jita. "Jibi kuma sai na ga dama."

"In ya tashi daga nan ku turo mini shi," in ji tela, yana leƙen su ta hudar rigar. "Akwai gugar wata guda tana jiransa."

Manaja ya sunkuya ya ƙare wa Na-Iya kallo, ya ɗan taɓa shi da tsinin takalmi.

"Shi wannan ɓangaren na ƙasa, da batir yake aiki?"

"Da abinci ne, ranka ya daɗe," in ji Mai Jita. "Ci ne da shi, amma yana ɗaukar taku."